Kalmar Sirri Tana Hannunka, Lamba Tana Hannuna

Al-Shumaisi, Riyad
Alhamis, sha biyu ga Muharram, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Mu'azu,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ko da yake na san lafiyarka ƙalau, tunda bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, kuma ɗazu da na dawo daga aiki na jiyo ka kana ƙyaƙyata dariya a waya. Allah Ya tsare ka a hanyar da za ka kama, Ya sauke ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki.

Ga halin da nake rubutu a ciki, don kada gobe a ce na ƙara ko na rage. Na dawo daga la'asar, ina zaune a falo. Ummanka tana kicin tana buga tukwane fiye da yadda girkin yake buƙata. Kai ka fita sayen akwati. Jirginka na zuwa Guangzhou, wurin Kawu Ɗanlami, ranar Lahadi zai tashi daga Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, kuma har yanzu ba ka da bizar fita, saboda mako guda ke nan ni da kai ba mu yi maganar kirki ba. Na zaɓi rubutu ne don in ina magana katse ni kake yi. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Da Larabci ne, da ka zura ido ka gama kafin shayi ya huce. Hausa kuwa dole ka bi ta a hankali, kana motsa leɓe.

Abin da ya haɗa mu bai da yawa. Kana zaune a ƙasar nan a ƙarƙashin iƙamata, wato takardar izinin zamana. Fita iri biyu ce. Akwai khuruj wa auda, ka tafi iƙamarka tana raye, ka dawo kafin wa'adi ya cika. Akwai khuruj niha'i, a soke iƙamar, a rufe maganarka. Ni ta farko nake so, kai ka kafe sai ta biyu. Na tambayi mu'aƙƙibin kamfaninmu, mai bin mana takardu, ban tsaya nan ba na nemo ƙa'idar na karanta da kaina: ɗa namiji da ya haura shekara sha takwas, in ya fita daga iƙamar ubansa, ba a sake mayar da shi. Shekararka ashirin da biyu. In ka fita niha'i, gidan nan da ka yi wayo a cikinsa zai zama gidan da sai an nema maka bizar ziyara za ka shigo, a yanka maka kwanaki kamar baƙo.

Na tambaye ka dalili, ka kira ni yadda 'ya'yan Larabawan nan suke kiran uba, ka ce: "Yuba, khalas, zamanin dala ya ƙare. Amurka da Caina sun raba gari, kowa ya zaɓi gefe. Me zan dawo in yi a ƙasar da kuɗinta yake ɗaure da ƙafar Amurka?" Sannan ka ƙara da cewa kana so ka sauke mini kuɗin zama da nake biyan gwamnati duk wata a kanka, kamar ni na taɓa kai maka kuka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan. Wata biyu da suka wuce na karɓi digirina a tattalin arziki, ina da shekara hamsin da ɗaya, bayan na sha karatun yamma da ciwon baya. Kundin da na rubuta na kammalawa a kan cinikin Amurka da Caina ne. Wa ya buga mini shi a kwamfuta? Kai. Shafi bayan shafi ya bi ta yatsunka, ko layi ɗaya bai hau kanka ba. Tun ranar kake kirana Duktur a gaban abokanka. Ni ba dakta ba ne, digirin farko ne, kuma ka daina. Amma tunda ka ce karatun littafi ne, na ajiye littafin. Zan gaya maka inda ni kaina na yi wauta a kan wannan magana, tun kafin in san ƙofar aji.

Ka san siton da nake aiki a Birnin Masana'antu na Biyu, inda muke sayar da kayan gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ka kuma san tambayar da duk mai gyara yake fara yi in ya shigo: asli ko tijari? Mu 'yan gida muka fassara ta yadda muka saba tun Kano: asli shi ne na Bature, tijari shi ne ɗan Caina. Shekarun baya, da Amurka ta fara ɗora wa kayan Caina harajin fito mai nauyi, na zauna na yi lissafina ni kaɗai. Na ce masana'antun Caina za su durƙushe, tijari zai yanke, wanda ya tara asli shi zai ci kasuwa. Na shiga ofishin Abu Nasir, maigidanmu, na yi ta yi masa bayani har ya gaji ya ce, "Tayyib, ya Abu Mu'az, a kan wuyanka." Muka rage odar Caina, muka yi odar kwamfireso daga wakilin wani kamfanin Amurka, da tsadar da ta fi ta tijari nesa ba kusa ba.

Ranar da kayan suka iso ni na yanke tef da hannuna, ina taƙama. Kwalin yana da kyau, sunan kamfanin ɓaro-ɓaro. Na ciro kwamfireso ɗaya, na juya shi don in duba lambarsa. A jikin ƙarfen akwai wani ɗan faranti, an rubuta ƙasar da aka ƙera shi. Caina. Na buɗe na biyu. Caina. Ina cikin buɗe na uku Abu Nasir ya fito, ya leƙa, ya kira duk ma'aikatan sito.

"Ku zo, ku zo. Ustazu ya kawo mana Amurka. Karanta musu, ya Abu Mu'az. Da ƙarfi, na baya ba su ji ba."

Na karanta. Duk bazarar nan masu gyara suna shigowa suna cewa, "Ba mu asli na Caina, ba tijari na Caina ba." Don a yi adalci, kayan sun fi tijarin inganci, ba su dawo mana ba. Kamfanin Amurkan shi ya zana su, shi ya gindaya yadda za a yi, shi ya duba. Amma hannun da ya ƙera na Caina ne. Ɗaya ba shi da masana'antar da za ta yi masa a wannan farashi, ɗayan ba shi da sunan da zai sayar a wannan farashi. Ni kuma na tsaya a tsakiya ina zaɓar gefe, alhali su ba su raba kwalinsu ba.

Don haka in ka je can, kafin ka yarda da sunan da ke kan kwali, juya kayan ka karanta jikin ƙarfe. In wani ya ce maka wannan namu ne zalla, babu hannun kowa a ciki, tambaye shi wa ya zana, wa ya ƙera, wa zai saya.

Da na sha wannan kunya, ka zaci zan yi hankali. Sai na tsallaka ɗaya gefen, gefen da kake tsaye yanzu. Ka san majalisar da muke zama bayan Juma'a a shagon shayin nan na bayan asibiti. Alhaji Tanko direba, wanda duk labarin duniya a wayarsa yake fara sauka, ya zo wata rana yana haki.

"Jama'a, dala ta mutu. Wallahi kafin aikin Hajji sai an riƙa ƙunsa tsire da ita."

Wani ya ce, "Alhaji, to ba ni naka in taya ka zubarwa."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida maganar ta ƙi barina. A lokacin ina da 'yan kuɗin da na tara don in sayi fankoki daga wani mai masana'anta, Mista Wu, wanda Kawu Ɗanlami ya haɗa mu, a tura wa ƙanena Kano ya sayar. Na je na canza kuɗin gaba ɗaya zuwa yuwan, kuɗin Caina, na biya ladan canji ina jin na riga kowa farkawa. Na aika wa Mista Wu saƙo cewa da kuɗin ƙasarsa zan biya shi, ina jiran ya yi murna. Ya turo mini jerin farashi. Da dala. Na sake rubuta masa. Ya amsa mini a taƙaice: in na nace zai karɓi yuwan, amma da dala yake lissafi, domin tagullar da yake naɗa injin fanka da ita da dala ake yanka mata farashi a duniya. Kuɗin jirgin ruwa kuwa ba nasa ba ne, kuma masu jirgin dala suka ce. Na koma wurin mai canji da rabin kuɗin, na sake biyan lada. Mutumin ya dube ni ya ce, "Kai ne na shekaranjiya?" Na ce ni ne.

A hanyar gida na tuna abin da ya kamata in tuna tun farko: riyal ɗin da ke aljihuna an ɗaure shi da dala a farashi ɗaya tun kafin a haife ka. Dala ce ta saka jallabiya. Wato na gudu daga dala, na biya kuɗi, na dawo wurinta, na sake biya.

Wannan ɗaurin da kake rainawa, ka san wa yake ciyar da shi? Caina tana cikin manyan masu sayen man ƙasar nan, kuma yawancin cinikin mai da dala ake yi. Ka ga albashin da na raine ka da shi yana da ƙafa ɗaya a can, ƙafa ɗaya a can. Kawu Ɗanlami da za ka je wurinsa, tambaye shi me 'yan kasuwar Kano suke ɗaurowa a ƙugu in za su zo sari. Ba zan gaya maka ba, ka tambaye shi.

Ba na cewa kome bai canza ba. Ka san ba na son a ƙara gishiri ko ta gefena ne. Gaskiya ne ana ƙara ciniki da yuwan. Gaskiya ne ƙasashen biyu suna ƙoƙarin rage dogaro da juna, kuma a wasu kayan sun rage. Yana cikin babi na huɗu na kundina, kai ka buga shi. Amma dubi yadda faɗan nasu yake tafiya. Caina tana sayar wa Amurka kaya, ta karɓi dala, ta juya ta ranta wa gwamnatin Amurka wani kaso ta hanyar sayen takardun bashinta. Manomin Amurka yana noma waken suya don dabbobin Caina. In Caina ta yi fushi ta koma saye a Brazil, manomin ya je ya tasa gwamnatinsa gaba da kuka. Amurka ta hana a sayar wa Caina ƙananan ƙwaƙwalen na'ura mafi inganci. Caina ta matse wasu ma'adinai da ake yin maganaɗisu da su, masu ƙera motoci suka fara ihu. Sai ka ga an koma teburi, fuska a murtuke, ana shan ruwa. In haraji ya yi tsanani, kayan su bi ta wata ƙasa, a ƙarasa haɗa su a can, a canza musu takarda, su isa inda za su isa. Suna zagin juna da rana tsaka, amma har yau babu wanda ya ce a soke masa hanyar dawowa. Su da suke da jiragen yaƙi ba su nemi niha'i ba. Sai kai, mai akwati ɗaya.

Ka riƙe wannan: duk wanda ya ba ka farashi, tambaye shi da wane kuɗi ya lissafa, ba da wane kuɗi zai karɓa ba. Kuma labarin da ya zo maka yana haki, bar shi ya huce kafin ka taɓa aljihunka.

Labari na uku ka san rabinsa, amma ka san shi da idon yaro. Kana ɗan shekara huɗu muna Dammam, ina aiki ƙarƙashin wani kafil, wato maigidan da bizata take hannunsa. Muka yi sa-in-sa a kan hutu. Ya yi mini alkawari ya saɓa. Ni ke da gaskiya, har yau ina nan a kan haka. Ya ce in yi haƙuri zuwa bayan Azumi, ko in karɓi fita da dawowa in je in huce. Na ce ba na so, niha'i zai ba ni, gida ya fi nan, ƙasarmu ta kama hanyar arziki, wa yake buƙatarsu. Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce ya buga. Muka fitar da firji da darduma bakin titi muka sayar a wulaƙance, Ummanka tana kallo.

Shekara uku muka yi a Kano, a ɗakin ƙofar gidan kakanka na wajen uwa. Kai abin da kake tunawa awaki ne da bishiyar mangwaro, kullum kana ba da labari kamar mun je yawon shaƙatawa. Ni abin da nake tunawa benci ne, na ofisoshin dillalan biza, da yadda nake gaishe da surukina da safe ina kallon ƙasa. Ba Kano ce ta yi laifi ba. Ni ne na je mata ba shiri, don kawai in nuna wa mutum ɗaya cewa ba na buƙatarsa. Shi kuwa ya ɗauki wani a madadina, na ji an ce sai da ya canza mutum uku kafin ya samu wanda ya iya aikin. Ya yi asara, na yi asara, babu wanda ya ci. Da Allah Ya kawo bizar Abu Nasir, na dawo da ku don kana yaro, doka ta yarda. Yanzu kai ba yaro ba ne.

Ban hana ka tafiya ba, ka lura. Ni na roƙi Kawu Ɗanlami ya ɗauke ka. Caina wurin koyon kasuwa ce, kuma kana da kai, in ka ga dama. Amma bizar da za ka shiga da ita can ta ɗan lokaci ce, sai an yi ta sabuntawa. Ranar da aka ƙi sabuntawa, ina za ka? Fasfonka na Najeriya ne, ƙasar da in ka buɗe baki a kasuwa za a ninka maka farashi saboda Hausarka. Mutum yana barin wuri ba tare da ya rushe matakalar da ya sauko ta kai ba.

Yanzu bari in zo kan abin kunyar da muka yi a makon nan, ni da kai.

Manhajar gwamnati da ake fitar da biza a cikinta da sunana take. Amma tun ranar da aka buɗe ta kai kake shiga, don ni ƙananan rubutun suna ruɗa ni, kuma kai ka saka kalmar sirrin, ban taɓa tambayarka ba. Lambar tabbatarwa kuwa wayata ake turo wa. Ba ka iya shiga sai da ni, ba na iya shiga sai da kai. Shekaru muna haka lafiya lau: ka danna, wayata ta yi ƙara, in karanta maka, ka ƙarasa.

Ranar Alhamis da ta wuce ka zauna za ka fitar da niha'i, wayata ta yi ƙara, na ce ba zan karanta ba. Ka ce, "Yuba, lambar." Na ce babu. Ka ce, "Tayyib," ka rufe kwamfuta a hankali, irin rufewar da ta fi bugawa ciwo. Washegari na ce ka sabunta mini istimara, takardar rajistar mota, ta kusa ƙarewa. Ka ce ka manta kalmar sirri. Kai da ka haddace lambar wayar duk abokanka! Istimara ta ƙare, na ajiye mota, ina bin bas ɗin leburori zuwa Birnin Masana'antu a cikin wannan zafi, sabon mai digiri da kwanon abinci a cinya. Na gwada canza kalmar da kaina, aka jero mini tambayoyin da kai ka saita amsarsu. Kai kuma ka yi ta shawagi kusa da wayata, har na koma shiga wanka da ita a cikin leda. Kada ka musa, na ga inuwarka ta ƙarƙashin ƙofa.

Duk wannan da sauƙi. Ganin likitan Ummanka na gwiwa ta waya ake kama layi, kai kake kama mata, ni nake kai ta. Kai kana fushi ba ka kama ba, ni ba mota ban tuna ba. Jiya ta fito da takardar maganinta ta ajiye tsakanina da kai a kan tabarmar cin abinci.

"Malam, maganin nan ya ƙare tun Litinin."

Na ce ai yaron nan ne bai kama layi ba. Ka ce ai Baba ne ya fara.

Ta ce, "Ban tambayi wanda ya fara ba. Kai Amurka, kai kuma Caina, sannunku da ƙoƙari. Ni wace ƙasa ce? Ni ce wadda ba ta ci ba ta sha ba, ake taka mata gwiwa. To ku ji, nima ina da abin da nake fitarwa a gidan nan. Daga gobe kowa ya nemi tuwonsa."

Ka yi dariya, ni ban yi ba. Akwai babi guda a kundina a kan ƙananan ƙasashen da suke shan wuya in manyan biyu suna ja-in-ja. Malamina ya yaba wa babin. Na rubuta shi da tausayi sosai, ina zaune a falon nan, matar da nake yi wa haka tana kawo mini shayi.

Na yi tunani a bas yau da safe, ga abin da na yanke. Riƙe lamba bai sa ka canza ra'ayi ba, sai ƙara kafewa da ka yi, kuma da ni ne ma haka zan yi, na riga na gwada. In na ci gaba da riƙewa, Lahadi za ta zo, tikiti ya ƙone, ka zauna a gidan nan kana kallona kamar mai gadin kurkuku. In na tilasta maka auda, za ka tafi da niyyar ba za ka dawo ba don kawai ka nuna mini. Ba na son ko ɗaya. Saboda haka na janye takunkumina, ni na fara, ba tare da sharaɗi ba.

Abu ɗaya na yi, kuma ina gaya maka don kada ka ce na yi maka wayo a ɓoye. Da hutun azahar na je banki na biya kuɗin zamanka na shekara guda gaba. Wannan ba ya buƙatar kalmar sirrinka, layi kawai na bi. Don haka maganar sauke mini nauyi ta mutu. An riga an ɗauka. In ka zaɓi niha'i yanzu, don kanka ka zaɓa, kada ka jingina shi da tausayina.

Bayan magariba za mu zauna. Layin likitan Ummanka farko. Sai istimara. Sai bizarka. In wayata ta yi ƙara zan karanta maka lambar, kuma ba zan kalli allon ba. Ka san ni, ko rasitin burodi ba na karɓa ban karanta ba, don haka ka san abin da wannan yake ci mini.

Kafin ka tafi, ka rubuta mini kalmar sirrin da manyan baƙaƙe, ka nuna mini inda ake dannawa, sau biyu, ba tare da tsaki ba. Ka kai ni wurin mai gidan haya ka gaya masa maganar famfon nan da irin Larabcinku, don nawa na makaranta ne, in na yi magana sai ya ce sadaƙallahul azim. Ban san yadda gidan nan zai tafi ba kai ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Kai ma in ka isa can ka ga ana cin abinci da tsinke, za ka tuna akwai wanda kake buƙata.

A can, ka bi Kawu Ɗanlami sau da ƙafa, amma kwalin da aka ce ka ƙirga ka ƙirga da kanka. Kada ka shiga gardamar wace ƙasa ta fi wace da mutanen da suka ba ka masauki. Ka nemi inda ake sayar da halal tun ranar farko, kada yunwa ta yi maka fatawa. Ka riƙe salla ko da kai kaɗai ne a bene. Ka kira Ummanka duk Juma'a, da murya, ba 'yan hotunan dariyar nan ba. In kuma wata rana ka ɓata da wani har za ka bar masa wurinsa, ka yi masa sallama mai kyau ko da kai ke da gaskiya.

Allah Ya kiyaye ka a sama da ƙasa. Ya tsare ka daga mugun abokin ciniki da mugun aboki, Ya sa wa nemanka albarka, Ya ba ka arzikin da zai bar ka ka yi barci. Na yafe maka makon nan, har da bas ɗin. Na ba Allah ajiyarka.

Saura abin da ban sani ba, don kada ka ɗauka digiri ya sa na san kome.

Ban sani ba ko Amurka da Caina za su raba gari da gaske wata rana. Ban ga alama ba, amma sau biyu ina kuskure a kansu.

Ban sani ba ko dala za ta kai ka tsufa.

Ban sani ba ko ana mayar da kuɗin da na biya yau in aka soke iƙama. Na tambayi ma'aikacin banki, ya ce in tambayi mu'aƙƙib. Mu'aƙƙib ya ce in sha Allahu.

Ban sani ba ko dokar shekara sha takwas za ta canza. Dokokin nan suna canzawa, amma ban taɓa ganin sun canza a ranar da mutum yake buƙata ba.

Ban sani ba ko Ummanka da gaske take a kan tuwon. Ƙamshin da nake ji daga kicin na mutum ɗaya ne.

Ban sani ba ko ka karanta har nan, ko tsallake ka yi.

Kuma ban san wanne za ka danna ba. Kada ka gaya mini a daren nan. Ranar Lahadi, in mun isa filin jirgi, sai ka faɗa mini irin sallamar da zan yi maka.

Mahaifinka,
Isa